Ƙaranci daban, haɗarin ƙarewa daban

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi kusa da ƙarewa, jemagen Kitti ko tsuntsun nan mai waƙa mai rawayar ƙirji, Emberiza aureola. A ganina tsuntsun ne, nesa ba kusa ba.

Jemagen Kitti dama can bai da yawa. Nauyinsa giram 2 ne kacal, yana cikin kogunan duwatsun farar ƙasa a yammacin Tailan da kudancin Myanmar, kuma sai a 1973 aka gano shi. Macen tana haihuwar ɗa ɗaya a shekara, don haka masu kutsawa kogon suna iya yi masa babbar illa.

Shi kuwa tsuntsun, a da garke-garke ake ganinsa tun daga Finlan har Japan. Tarkon da ake ɗana masa a hanyar ƙaurarsa, musamman a Sin inda ake cinsa, shi ya cinye shi. Tsakanin 1980 da 2013 yawansa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Sin ta hana farautarsa a 1997, amma cinikin bai tsaya ba. A 2017 aka sa shi cikin jerin masu dab da ƙarewa. Abin yana ci mini rai, wallahi, don a Finlan ma an daina jin waƙarsa.