Shekara huɗu ana yi mini allurar Botox, ko akwai illa nan gaba?

Tambaya: Likita, shekara huɗu ke nan ana yi mini allurar Botox duk bayan wata uku saboda ciwon ɓarin kai. Na samu sauƙi, har tamojin goshina ya baje. Yanzu ina so in ƙara ta kwalliya a gefen ido a wani shagon gyaran jiki. Shin ba za ta kashe mini fuska ba?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Allurar ba ta taruwa a jiki. Tana hana jijiya aika wa tsoka saƙon motsi ne na ɗan lokaci, bayan wata uku zuwa huɗu jijiyar ta farfaɗo. Tun 1989 ake amfani da ita a Amurka don matsalar tsokokin ido, a 2002 aka amince da ita don kwalliya, a 2010 kuma don ciwon kan da ke kama mutum kwana 15 ko fiye a wata.

Abin da daɗewa ke kawowa shi ne ramewar tsoka. Tsokar da ba ta aiki takan yi sirara, kamar hannun da ya daɗe a ɗaure bayan karaya. Za ki ga goshi ya yi sumul, girar kuma ta ɗan yi nauyi. Ciwon wuya da saukowar fatar ido sukan faru, amma sukan wuce cikin makonni.

Ni dai shagon nan ne bai kwanta mini ba. Allurar ciwon kai yunit (ma'aunin maganin) 155 ce, a wurare 31 na goshi, gefen kai, ƙeya da kafaɗa. Idan wani ya ƙara miki tasa a tsakani, kin rushe tazarar mako 12 da ake bari tsakanin allura da allura, kuma yawan maimaitawa kusa-kusa yana iya sa garkuwar jiki ta gane maganin, ya daina kama ki. Kin ga an yi ba a yi ba: garin gyaran ido kin rasa maganin ciwon kai. Ga kuma jabu, wadda a 2024 ta kwantar da mutane a asibiti a Amurka.

Ki faɗa wa likitanki, a haɗa duka a zama ɗaya. Ki riƙa rubuta ranakun ciwon a ɗan littafi, domin idan sun ragu sosai ana iya gwada tsawaita tazarar. In kina shirin ɗaukar ciki, ki sanar da shi kafin allura ta gaba. Wahalar haɗiya ko ta numfashi bayan allura kuwa, asibiti nan take.