Tambaya da Amsa: Gudun Firosesa Ba a Lambar Gigahaz Yake Ba

Assalamu alaikum, masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan karon galibi a kan firosesa ne, ɗan guntun nan da ke kwance ƙarƙashin fanka, wanda shi ke yin duk lissafin kwamfuta. Na taƙaita tambayoyin da suka yi tsawo.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Kwamfutata ta gida mai Core i7-4790 ce, an rubuta gigahaz 3.6. Wadda aka kawo mana wurin aiki kuwa mai Core i5-12400 ce, gigahaz 2.5 kacal, amma ta fi tawa sauri nesa ba kusa ba. Yaya aka yi i5 mai ƙaramar lamba ya tsere wa i7?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Da farko dai, kusan shekara takwas ce tsakaninsu: naka ya fito a 2014, na wurin aikin kuma a farkon 2022. Sunan i5 ko i7 matsayi ne a tsakanin 'yan zubi ɗaya, ba ya aiki idan za a gwada sabon zubi da tsoho. Sannan 2.5 ɗin da ka gani gudun tushe ne. Idan aiki ya taso yakan hau har 4.4, naka kuwa 4.0 ne iyakarsa.

To amma ko da za a ɗaure su a gudu ɗaya, sabon ne dai zai riga gamawa. Gigahaz ƙidaya ce ta bugun agogon da ke cikin firosesa, gigahaz ɗaya bugu biliyan ɗaya ke nan a daƙiƙa. Abin da lambar ba ta faɗa maka ba shi ne yawan aikin da ake kammalawa a kowane bugu, kuma a nan ne injiniyoyi suka zuba ƙarfinsu a tsawon shekara ashirin da suka wuce.

Kamfanonin da kansu sai da suka sha wuya kafin su gane hakan. A Maris na 2000 AMD ta riga Intel kai wa gigahaz ɗaya da Athlon, sai Intel ta fito da Pentium 4 a ƙarshen shekarar, wanda aka ƙera musamman don agogonsa ya yi ta hawa, har ana maganar gigahaz 10. Bai wuce 3.8 ba. A 2004 Intel ta soke shirin kai shi 4, ta kuma soke magajinsa mai suna Tejas. Zafi ne ya tsayar da su. Ƙara gudu yana buƙatar ƙara ƙarfin wuta, kuma idan ƙarfin wutar ya ninka biyu, cin wutar ninki huɗu yake yi, duk kuma zafi yake komawa. Tun 1974 Robert Dennard na IBM ya nuna cewa duk lokacin da aka ƙanƙanta tiransista, wato ɗan makunnin wutar da ake gina firosesa da shi, ana iya rage mata ƙarfin wuta, don haka gudu na ƙaruwa zafi bai ƙaru ba. An ci moriyar wannan shekara talatin. Wajajen 2005 abin ya ƙare, tiransistocin sun ƙanƙance har wuta na yoyo daga cikinsu ko a kashe suke. Da Core 2 Duo ya fito a Yulin 2006, samfurin E6600 mai gigahaz 2.4 ya bar Pentium masu fiye da 3.7 a baya a yawancin gwaje-gwaje. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Firosesan zamani yana ɗauko umarni da yawa a lokaci guda, ya duba waɗanda ba su dogara da juna ba, ya gama su ba tare da bin jerin da suka zo ba. Idan manhaja ta zo mararraba, wato “in kaza ne yi wannan, in ba haka ba yi wancan”, ba ya tsayawa jiran amsa. Yakan hasashi hanyar da za a bi ya ci gaba, in ya yi kuskure ya watsar da abin da ya yi ya dawo. Wannan hasashen ne ma aka gano ana iya satar bayanai ta cikinsa, matsalar da aka bayyana a Janairun 2018 da sunan Spectre.

Babban abin da ke cin lokacinsa kuwa jira ne. A gigahaz 4, bugu ɗaya rubu'in nanosakan ne (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), amma aika neman bayani a RAM, wato ma'ajin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, yakan ɗauki nanosakan 70 zuwa 100 kafin ya dawo. Bugu kusan ɗari uku ko fiye ke nan sun tafi a zaune. Shi ya sa ake gina ƙananan ma'aji a cikin firosesan kansa, L1 da L2 da L3, don abin da ake yawan nema ya kasance a kusa. Naka yana da megabait 8 na L3, na wurin aikin 18. Misalin da ya fi burge ni shi ne Ryzen 7 5800X3D na 2022: AMD ta ɗora wa 5800X ƙarin megabait 64 a kansa, L3 ya zama 96, ta kuma rage gudunsa daga 4.7 zuwa 4.5, amma a wasannin kwamfuta da yawa ya fi na asalin sauri.

Tambaya: Malam, ni mai zanen gine-gine ce. Kwamfutata tana jan ƙafa, wani abokin aiki ya ce in nemi firosesa mai cibiya 32 ko 64 in huta. Shin mai cibiya 64 zai ninka mai 8 sau takwas?

Amsa: Malama, kada ki yi gaggawa. Cibiya, wato kowane rukunin sarrafawa mai zaman kansa a cikin firosesa, tana amfani ne kawai idan aikin yana rabuwa. Ɗauki haƙar rijiya: in kin tara mutum ashirin, jan ƙasa da kwashe ta zai yi sauri, amma ƙasan rijiyar mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, sauran sai dai su jira guga.

Gene Amdahl ya bayyana wannan tun 1967, kuma lissafin ba shi da wuya. A ce kashi 90 cikin 100 na aikinki yana rabuwa, kashi 10 kuma dole a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da cibiya 16 saurin zai ninka sau 6.4. Da cibiya 64 ba zai kai sau 9 ba. Ko cibiya dubu kika zuba, ba zai taɓa wuce sau 10 ba, domin kashi goman nan yana nan daram.

Aikinki kashi biyu ne. Lokacin da kike zane, kina jan layi, kina juya ginin a kan allo, manhajoji irin su AutoCAD galibi a kan cibiya ɗaya suke dogara, don haka ƙarfin cibiya ɗayar ne ke sa ki ji nauyi ko sauƙi. Lokacin fitar da hoton ƙarshe mai haske da inuwa kuwa, hoton yana yankuwa gida-gida, kowace cibiya ta ɗauki nata, a nan yawa yake biya. Injin Cycles na manhajar zane ta Blender, alal misali, duk cibiyar da ya samu sai ya cika ta.

Ga abin da nake so ki yi kafin ki sayi komai. Idan Windows kike amfani da shi, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga sashen da ke nuna aikin firosesa, ki sauya jadawalin ya nuna kowace cibiya a ɗan akwatinta. Sai ki koma ki yi aikin nan da ke ba ki haushi, kina kallon akwatunan. In kika ga ɗaya ya cika maƙil sauran suna kwance, ƙarin cibiyoyi ba zai yi miki komai ba, sabon zubi mai ƙarfin cibiya kike buƙata. In duk suka cika, abokin aikinki ya yi gaskiya. In kuwa babu wanda ya cika amma kwamfutar na jan ƙafa, duba RAM da ma'ajiyar fayiloli. Sau da yawa nakan tarar laifin na tsohon faifai mai juyawa ne, da an sa SSD, ma'ajiyar zamani marar faifai, sai a manta da maganar firosesa.

Ki kuma lura da yadda ake ƙidayar. “Cibiya 8, zare 16” cibiya takwas ce, kowace na karɓar layin aiki biyu, dabarar da Intel ta kawo a 2002 da sunan Hyper-Threading. Kuma tun daga zubi na 12 a 2021, Intel na haɗa manyan cibiyoyi da ƙanana masu tsimin wuta: 16 ɗin da ke cikin i9-12900K takwas manya ne, takwas ƙanana.

Tambaya: Malam, na ga firosesan sabar irin EPYC da Xeon gudunsu bai kai na kwamfutar tebur ba, amma sun fi tsada. In na sa ɗaya a gida zan fi kowa sauri?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ga aikin gida mai yiwuwa ma ka ji ya fi nauyi, kuma ba zai shiga madabod ɗinka ba, wato babban allon da ake dasa firosesa a kai, gurbinsa daban ne. Sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, dubban buƙatu take amsawa a lokaci guda, dare da rana, don haka jimillar aiki ake nema a wurinta. Duba EPYC 9654 na 2022: cibiya 96, gudun tushe 2.4, iyaka 3.7, an tsara shi a kan wat 360. Raba 360 gida 96, kowace cibiya ba ta samu wat huɗu ba. Da wannan rabon babu yadda za a yi ta hau gigahaz 5 da wani abu kamar na tebur.

Abin da ake saye a wurinsa faɗin hanya ne. Firosesan tebur hanya biyu yake da ita zuwa RAM, wannan kuwa 12. Layukan PCIe, inda katin hoto da na intanet da SSD ke shiga, na tebur ashirin da 'yan kai ne, shi kuma 128. Sai RAM mai ECC, wadda ke gano kuskuren da ya faru a bayanai ta gyara shi nan take. A wasa ba wanda zai damu da irin wannan kuskuren, amma a rumbun bayanan banki ko asibiti babbar magana ce.

Ƙirar ma abin sha'awa ce. AMD ta daina yanka manyan firosesanta a falle ɗaya. A cikin 9654 ƙananan guntaye 12 ne, kowane da cibiya takwas, suna kewaye da wani guntu da ke kula da shige da fice. Ƙaramin guntu ya fi sauƙin fita lafiya daga masana'anta, in ɗaya ya lalace asarar kaɗan ce.

Wanda aikinsa ya fi ƙarfin tebur, kamar haɗa fim ko gwajin injiniyanci, a tsakiya zai tsaya: Threadripper Pro ko Xeon W, masu hanyoyin RAM har takwas da gudun da ya fi na sabar.

Tambaya: Malam, nanomita 7, 5, 3 da ake rubutawa, girman tiransista ne?

Amsa: A da yana da alaƙa da awo na gaske, yanzu sunan zubi ne kawai. A 2021 Intel ta sauya wa fasaharta ta nanomita 10 suna zuwa Intel 7, don ta dace da yadda kamfanonin TSMC da Samsung ke kiran nasu. A cikin kamfani ɗaya ƙaramar lamba na nufin sabon zubi, amma kada ka gwada lambar wannan kamfani da ta wancan.

Tambaya: Malam, kwamfutata takan fara aiki da sauri, bayan minti kaɗan fanka ta hau ƙara, komai ya yi nauyi. Firosesan ne ya tsufa?

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa. Kare kansa yake yi. Idan zafinsa ya kusa digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta, ka buɗe murfin. Leƙa tsakanin fanka da ƙarfen nan mai haƙarƙari: sau da yawa za ka tarar ƙura ta dunƙule ta toshe ramukan gaba ɗaya, fanka na juyawa iska ba ta wucewa. Hure ta, kana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Sannan ka kwance ƙarfen a hankali, kana ɗan murɗa shi hagu da dama, don kada ya fizgo firosesan daga gurbinsa. Man toka-tokan da ke tsakaninsu in ya bushe ya tsattsage, ya daina kai zafi. Goge shi tas da tsumma mai laushi da ɗan sifirit, ka ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, ka mayar da ƙarfen kana ɗaure kusoshin gicciye, kaɗan-kaɗan, har su zauna daidai. Kada ka manta da mayar da wayar fankar a gurbinta. Bayan haka sa manhajar HWiNFO, ka ba kwamfutar aiki mai nauyi na minti goma kana kallon zafin. In ya tsaya ƙasa da 85 kuma gudun bai faɗi ba, an gama. In har yanzu yana taɓa 95, na'urar sanyayawar ce ta yi wa firosesan kaɗan, sai ka nemi babba.