Duhun da ke cikin bugun Hiroshige: ma'ana ce ko datti?

Tambaya: Malam, yayana ya kawo mini tsaraba daga Japan, hoton bugun katako na Hiroshige, mai zanen Japan, mai nuna titin Saruwaka da dare. Saman hoton ya yi duhu sosai. Mai yi mini firam ya ce datti ne, zai goge shi da bilicin ya shanya a rana. Wata ƙawata kuma ta ce duhun alamar masha'a ne. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malama, ki je ki karɓo hotonki yau ɗin nan, kafin ya sa masa hannu.

Maganar ƙawarki ba ta da tushe. A 1856 aka yi bugun nan, kuma titin Saruwaka, kusa da unguwar Asakusa a Tokyo ta yau, nan gidajen kabuki, wasan kwaikwayon gargajiyar Japan, suka koma a 1842. A wancan lokacin da rana ake wasan saboda tsoron gobara, don haka jama'ar da kike gani 'yan kallo ne bayan an tashi. Ki duba: farin wata tsaf a sama, a ƙasa kowa da inuwarsa, har 'yan kwikwiyon da ke tsakiyar titi. Masu bugun Japan ba su cika zana inuwa ba, daga zanen Turawa Hiroshige ya ɗauko ta. Duhun nan shi ke sa watan ya haska.

Mai firam ne damuwata. Abin da yake kira datti sunansa bokashi: mai bugu ya jiƙa katako, ya shafa launi da kauri a baki ɗaya, ya bar shi yana sirancewa. Da hannu ake yinsa, takarda bayan takarda. Shi ne wani zai goge da bilicin! Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan ɓarna, takarda ta yi fari fat, ta rube, ana taɓa ta tana marmashewa, mai ita na tambaya ko akwai dabara. Babu. Rana kuwa ta fi bilicin mugunta, don a hankali take ci ba a gani. Jan launin tsofaffin bugun nan daga fure ake samo shi, haske kaɗan ke kashe shi. Shi ya sa gidajen adana kayan tarihi ba sa barin hasken ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), kuma bayan 'yan watanni su mayar da bugun cikin akwati. Mu kuwa sai a rataye shi daidai taga, wani ma ya manna salatif, ko ya kai a yi masa laminatin kamar katin shaida.

Ki shimfiɗa shi tsakanin takardu marasa asid, a aljihun tebur inda damshin damina ba ya kaiwa.