Kafin mu ɗaura gado a motar Alhaji

Ka tambaye ni cewa tunda Alhaji ya kawo Hiace ɗinsa a cire kujeru, a sa masa gado da murhu da tankin ruwa don ya tafi Maulidin Kaulaha a Senegal da iyalinsa ta ƙasa, me kuma ya rage ban da walda da aikin kafinta da jan waya? Ka ce ai kana ganin Turawa a wayarka suna yawo ƙasa zuwa ƙasa da irin wannan mota, suna kwana duk inda dare ya riske su. To zauna, yaro, amsar ba ta tsaye ba ce.

Shi Alhaji ɗaki yake gani. Ɗan kwastan da jandarman da za su tsayar da shi kuwa mota za su gani, kuma abin da za su nema shi ne ƙarfen da ke gabansu ya yi daidai da takardar da ke hannunsu. Rabin wahalar da mutane ke sha a bakin iyaka daga gareji irin namu take tasowa. Saboda haka kafin ka kunna injin walda, ɗauki tocila ka karanto mini lambar shasi da lambar inji, harafi bayan harafi, mu gwada su da na takardun motar da na kwastan. Ka san wannan motar an taɓa sauke mata inji aka ɗora na Beljiyam. Idan takarda tana ɗauke da tsohuwar lamba, a nan Bauchi ba wanda zai kula, amma a iyakar Seme ko ta Aflao wannan kaɗai ya isa a ajiye mutum a gefe har yamma. Haka launi. In takarda ta ce fara ce, fara za ta fita daga hannunmu, in kuwa yana son a sake fenti, sai ya fara zuwa a gyara takardar. Koren soja kada ma ka bari ya ambata. Baƙin gilashin da yake so saboda matan gida, sai da izinin 'yan sanda, kuma izinin nan na Najeriya ne, wata ƙasar ba dole ta karɓa ba. Ni labule zan ba shi shawara, a ja da dare a buɗe da rana. Sannan ka tambaye shi sunan wa ke kan takardun. Idan na wanda ya sayar masa ne, ko na kamfaninsa, sai an canja, ko a yi takardar izini mai hatimin kotu, a kuma fassara ta da Faransanci, don yawancin ƙasashen da zai ratsa da shi suke aiki.

Sai nauyi, wanda shi ne ainihin aikinmu, kuma nan ne masu irin wannan gyara suka fi yin ganganci. A jikin ƙofa ko kusa da inji akwai ɗan faranti da kamfani ya manna, an rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai da duk abin da ke cikinta, da kuma abin da gatarin gaba da na baya kowanne zai ɗauka. Wannan lambar ita ce ubangidanmu a wannan aiki. Yi lissafi da kanka. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, tankin lita 100 ke nan kilo 100 tun ba a sa nauyin tankin ba. Tukunyar gas mai kilo 12.5 in ta cika takan kusan ninka hakan saboda ƙarfenta. Batir na biyu ya kusa kilo 30. Manya shida, ka sa kowa kilo 70, 420 ke nan. Ga buhun shinkafa, ga jarkar mai, ga firji, ga tsarabar da za a kai wa malamai, ga wadda za a dawo da ita, wadda kullum ta fi ta tafiya. Idan ka ƙera gadon da ƙarfen da muke yin ƙofar gida da shi, ka kawo katako mai kauri ka shimfiɗa, kafin mutum ɗaya ya shiga ka cinye rabin abin da motar ke iya ɗauka. Siririn bututu mai kusurwa huɗu da falankin filawud sun wadatar.

Ba yawan nauyin kaɗai ba, inda ka ajiye shi ma magana ce. Tanki da batir su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure su da kusoshi har cikin ƙarfen mota. Hiace dama doguwa ce marar faɗi, in ka jibga mata kaya a kan rufi, kwana ɗaya mai kaifi ko iskar tirela ta isa ta kwantar da ita. Abin da zai hau sama sola ne da tabarmi, shi ke nan. In mun gama za mu auna tsayinta da solar a kai, mu rubuta a takarda mu manna gaban sitiyari, don kada ya manta ya kutsa ƙarƙashin rumfar da ba za ta wuce ba. Kada kuma ka yarda da dabarar ƙara ganyen sifirin don mota ta daina zama ta baya. Sifirin zai ɗaga ta, amma birki da taya da beyarin suna nan yadda kamfani ya yi su.

Akwai kuma lasin. Rukunin B da yawancin masu motar gida ke riƙe da shi na motar da ba ta kai tan 3 ba ne, Hiace kuwa in ta cika tana gaɓar nan. A duba na Alhaji da na duk wanda zai karɓe shi tuƙi. Kowane fasinja kuma kujera da bel. Gado na kwana ne in an tsaya. Na san Hajiya za ta so ta miƙe ana tafiya, amma birki ɗaya na gaggawa zai jefa ta har gilashin gaba, don haka kujeru huɗu na baya ba za mu taɓa su ba.

Maganar gas ka saurara da kyau, don nan rai ne. Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta zuba ƙasa take kwanciya, daidai inda yara ke barci. Za mu yi wa tukunyar akwatinta daban, a tsaye, a ɗaure, mai rufewa ta ciki, mu huda rami a ƙasan akwatin ya fita waje. Ana tafiya a kashe ta daga kai. Girki da ƙofa a buɗe, ko ma a fito da murhun waje. Na biyu ya fi wannan mugunta, wato hayaƙin da ba ya wari, wanda gawayi da janareta da salansa ke fitarwa. Kowace shekara kana jin gidan da aka kwana da janareta a ciki aka wayi gari babu kowa. Cikin mota ya fi ɗaki ƙanƙanta. Ka gaya wa Alhaji da bakinka: ba a kwana da kaskon wuta, ba a kwana inji na aiki don na'urar sanyaya iska. Za mu yi masa tagogi biyu masu ragar sauro, da ƙaramar fanka a rufi, mu kuma sa ɗan ƙararrawar nan mai kuka in hayaƙin ya taru. Ya kuma sani cewa a Senegal da Kwaddibuwa ba cika wa mutum tukunyarsa ake yi kamar nan ba, musanya ake yi da ta kamfaninsu, kuma kan tukunyar ba lallai ya hau da namu ba. Ya tafi da tasa cike.

Wuta ba ta da wuya. Batir biyu, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na fitila da fanka da firji, da rile a tsakani mai raba su in an kashe mota, don kada firji ya shanye na tayarwa cikin dare. Fis kusa da kan batir, waya mai kauri, kuma duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata roba.

Taya ka duba shekarunta, kada zanen ya ruɗe ka. Lambobi huɗun ƙarshe a gefenta mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Waɗanda aka yi don ɗaukar kaya suna da harafin C bayan lambar girmansu. Sababbi huɗu, safaya biyu. Injinsa samfurin da ake kira 5L ne na man gas, bel ke juya tayimin ɗinsa, tunda kuwa ba wanda ya san ranar da aka sa wanda ke ciki, sabo za mu sa. A wanke lagireto, a zubar da man birki a sa sabo, a ba shi fambel da filtar mai guda biyu da takalmin birki ya riƙe. Abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku guda biyu, riga mai ƙyalli da akwatin magani su zauna inda hannu zai kai, don su ake fara tambaya a shinge.

Takardun tafiya ba aikin gareji ba ne, amma mai gyara irin wannan mota dole ya san su. Fasfo ga kowa har jariri. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza. Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda ba ya aiki shi kaɗai sai an haɗa da na gida. Sai inshora: tamu ta nan a iyaka take tsayawa, abin da ke tsallakawa shi ne katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, da aka kafa tun 1982. Wanda ka buge yake biya wa, motarka ba ruwansa da ita. Ya yanki na kwanakin da suka zarce na tafiyar. Kamaru da Chadi ba sa cikinsa, su nasu kati ne mai ruwan hoda, kamar yadda sefarsu ma daban take da ta Kotono da Dakar, duk da darajarsu ɗaya.

Ita kanta motar, kowace ƙasa kallon kayan da aka shigo da su take mata. A bakin iyaka kwastan za su ba shi lesefase, takardar da ke cewa motar baƙuwa ce, za ta fita cikin kwanaki kaza. Ya karanta kwanakin, ya sabunta kafin su ƙare, ranar fita kuma ya tabbatar an buga hatimin fita, in ba haka ba a littafinsu motar tana cikin ƙasar, kuma kuɗin fito ya hau kansa. Masu tafiya mai nisa, irin su Masar, littafin karne, wato takardar kwastan ta shiga da mota ƙasashe na ɗan lokaci, suke yi tun daga gida, wanda sai an ajiye jingina mai yawa. Kada ya cika mota da jarkokin mai, fasa-ƙwauri za a ɗauka. Ka tuna a 2019 har hana kai mai aka yi ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Magani mai ƙarfi kuma ya tafi da takardar likita.

Hanya zaɓinsa ne, amma in ya tambaye ni zan faɗa masa. Ta sama, wato Yamai, Wagadugu, Bamako, Kayes, Kidira, Tambakunda har Kaulaha, ita ce gajeriya, ita iyayenmu suka sani. Sai dai Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga kuma rashin tsaro a dogayen dazuzzukan. Da mata da yara, ni ba zan bi ba. Ta bakin teku ta fi tsawo: Legas, Seme, Kotono, Lome, Aflao, Akara, Elubo, Abijan, sannan a haura ta Gini, inda duwatsun Futa Jalon za su gwada birkin da muka ɗaura. Duk ƙasashen nan dama ake bi kamar mu, tun da muka koma dama a 1972, Gana kuma a 1974. Tuƙin dare babu. La'asar ta yi masa a garin da zai kwana, a harabar masauki ko gidan mai mai maigadi, ko ya nemi zango. Kotono da Lome da Akara duk akwai Hausawa da masallatansu, in ya yi sallama da Sarkin Zango ba zai rasa wurin ajiye mota ba.

Su Turawan da kake kallo ma ba haka kawai suke tashi ba. Lasinsu na ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, kuma ana ɗora su a sikeli a kan hanya a ci su tara. Suwizalan da Ostiriya sai ka sayi izinin hawa babbar hanya, wasu manyan biranen Faransa da Jamus sai da tambarin hayaƙi a gilashi, ƙazamin ruwa da na bayan gida sai a wurin da aka tanada, kwana a gefen titi kuma wurare da yawa laifi ne. A Ingila hagu ake bi. Mai fasfo irin namu sai da bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, kwana 90 cikin 180. Wannan duk ba a nuna maka shi a bidiyo.

In mun gama, ba za mu miƙa makulli a ƙofar gareji ba. Za a cika tanki, a loda kayan da gaske za a tafi da su, a kai ta sikelin da ake auna manyan motoci, gaba daban, baya daban. Daga nan mu hau hanyar Jos, mu haura Panshanu mu gangaro, kana kallon allurar zafi ina sauraron birki. Sannan Alhaji ya kwashi iyalin su kwana ɗaya a cikinta a Yankari, ya dawo ya faɗa mana abin da ya dame su. Gobe da safe kafin ka taɓa kujera ko ɗaya, kawo mini lambobin nan biyu da hoton farantin nauyi, ka kuma kira Alhaji ya zo da takardun motar na asali, ba hotonsu ba.