Amsa: Lasisin na'urar hoton ƙashi a Daura

Malam, ka ce za ka buɗe wurin ɗaukar hoton ƙashi a Daura, kana tambaya ko rajistar ma'aikatar lafiya ta jihar Katsina ta wadatar. Gaskiya ba ta wadatar ba. Duk na'urar da ke fitar da radiyeshan, wato hasken nan mai ratsa jiki irin na hoton ƙashi, sai da lasisin NNRA, hukumar tarayya mai kula da harkokin nukiliya da radiyeshan, wadda dokar 1995 ta kafa. Ita ce ke sa ido har kan tukunyar nukiliyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Don Allah kada ka sayi na'ura kafin ka gyara ɗakin. Mu a namu wurin ɗaukar hoton sai da muka sake bango muka sa masa dalma don ta tare radiyeshan, domin ɗakin jira yana manne da shi, kuma masu juna biyu ne suka fi zama a wurin. Ma'aikacinka ma dole ya riƙa maƙala ma'aunin radiyeshan a rigarsa.