Jadawali kafin ado

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka taɓa fuskar shafin intanet na tashar talabijin ɗinmu ta tsofaffin finafinai, na zaunar da kai kan jadawalin shirye-shirye, alhali kai zanen shafi kake ɗokin koyo. To, saurara yarona.

Mai shiga shafin tashar tsofaffin finafinai yawanci abu ɗaya ya kawo shi: wane fim za a sa yau da dare, kuma da ƙarfe nawa. Ka ba shi lokacin da ba daidai ba, ko shafin ya sha ado kamar amarya, ba zai sake yarda da kai ba.

Lokacin kuwa yana da wayo. Tsakanin gabashin Amurka da yammacinta awa uku ne, kuma a Maris da Nuwamba ana juya agogo gaba ko baya da awa ɗaya a can. Don haka a rumbun bayanai ka ajiye lokaci ɗaya, na UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, shafin ya riƙa juya wa kowa gwargwadon inda yake. Sai kuma tarkon tsakar dare: fim ɗin ƙarfe ɗaya na dare, masu tsara shirye-shirye suna lissafa shi a daren Juma'a, kwamfuta kuwa ta ce Asabar ta shiga. Nan ne sababbi ke zamewa.

Kada ka rubuta sunan fim ba shekara a gefensa. Sau da yawa labari ɗaya an sake shirya shi da suna ɗaya, kuma masu kallon irin wannan tasha sun fi ka sanin ɗan wasan da ya fito a kowanne. Kafin ka sha shayi saƙon gyara ya iso.

Hotuna ma haka. Daga 1932 har fasahar faffaɗan allo ta CinemaScope ta zo a 1953, allon finafinan Hollywood kusan murabba'i ne, faɗi 1.37 a kan tsayi 1. In ka cusa irin wannan hoto a faffaɗan gurbin shafi, sai ka sare kan jarumi. Bar shi da girmansa, gefe ya zauna fanko. Baƙi-da-fari kuma kada ka shafa masa launi. Ted Turner da kansa, wanda ya buɗe tashar tsofaffin finafinai ta TCM a Amurka a 1994, ya sha suka a shekarun 1980 kan saka wa tsofaffin finafinai launi, balle kai.

Batun izini shi ne mai kai mutum kotu. Izinin nuna fim a talabijin daban, na sa shi a intanet daban, kuma kowanne da wa'adinsa da ƙasashen da ya shafa. Duk fim ɗin da ka ɗora, ka haɗa shi da ranar ƙarewar izininsa, ya sauka da kansa. Wanda ba ka ga takardarsa ba, tambayi lauyoyin tasha tukuna.

Gobe ka karɓo jadawalin mako mai zuwa daga sashen shirye-shirye, ka gwada shi da na shafin layi-layi, ka kawo mini duk inda suka saɓa.