Amsa ga ƙanwarmu da aka hana ta zama gimbiyar aljanu

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa don ba amsar layi biyu ba ce. Kin ce kin shiga wani zauren wasan labari a Telegram, kin tura wadda kike so ki riƙa takawa, wato gimbiyar aljanu wadda ba ta mutuwa kuma tana sanin abin da ke zuciyar kowa, admin ya maido miki ya ce ki sauya. Kika ce tunda abin ƙirƙira ne, me zai hana kowa ya zama abin da ransa ke so?

Ga waɗanda ba su san wasan ba, mutane ne ke taruwa su gina labari ɗaya, kowa ya ɗauki mutum guda yana rubuta maganarsa da motsinsa, wani ya amsa da nasa. Babu marubuci ɗaya mai iko da ƙarshen labarin. Na riƙe irin wannan zaure tun lokacin kullen korona a 2020, daga nan Birnin Kebbi, da 'yan'uwa daga Argungu, Jega, Zuru da Gusau. Labarinmu a Surame, tsohon babban birnin Kebbi, muka ajiye shi, zamanin sarki Muhammadu Kanta, farkon ƙarni na 16. Don haka abin da admin ɗinku ya yi miki, ni ma na sha yi, kuma sai da na ga illar rashin yinsa kafin na fara.

Da muka buɗe zauren ban kafa dokar komai ba. Wani ɗan'uwa, mai hannu a rubutu ƙwarai, ya kawo barde wanda ƙarfe ba ya kama shi, yana da layar zana, yana jin harshen tsuntsaye, kuma ɗan sarki ne da aka ɓoye. Na amince don rubutunsa ya burge ni. Wata 'yar'uwa ta kwashe kusan mako biyu tana saƙa makircin fada, ita ce jakadiyar da za ta sa wa wani bafade guba. Duk zaure na jira a ga yadda za ta kaya. Ranar da abin ya nuna, sai barden nan ya rubuta layi uku: tsuntsu ya faɗa masa, ya ɓace, ya bayyana a ɗakinta, ya kama ta. Aikin mako biyu ya tafi a minti ɗaya. Ba ta yi faɗa ba, ta dai daina rubutu. Masu taka masunci da maƙeri da ɗan aike su ma suka yi sanyi, don duk ƙullin da suka ɗaura akwai mai kwance shi kafin su kai ga jin daɗinsa. A wata guda zauren ya koma sai gaisuwar Juma'a. Laifin nawa ne, ni na buɗe ƙofar.

A nan amsar tambayarki take. Idan ke kaɗai kike rubuta littafinki, gimbiyarki ta tashi sama ta haɗiye wata, ba wanda zai ce miki uffan. Amma a wasan tarayya, duk ƙarfin da kika ba taki, daga hannun wani kika karɓe shi. Kin ce tana karanta zuciyar kowa. To mai taka ɓarawo ba zai ƙara yin sata ba, mai taka munafuki ba shi da sauran sirri, masoya biyu masu ɓoye wa juna ba su da abin ɓoyewa. Kin ce ba ta mutuwa. Wa zai ji tsoro dominta idan ta shiga yaƙi? Ke kanki bayan kwana goma za ki gaji da ita, don in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ki dubi ranar kamun kifi a Argungu, bikin da ake yi tun 1934. Dubban masunta ne ke faɗawa kogin Matan Fada lokaci ɗaya, kowa da homarsa da gorarsa. Akwai kayan su na zamani da suka fi homa kama kifi nesa ba kusa ba, amma ba a shiga da su. Da za a bar mutum ɗaya ya zo da jirgi mai inji ya share ruwan, shi zai fito da kifi mafi girma, sai dai ba wanda zai ƙara tahowa kallo, kuma ba wanda zai kira shi gwani.

Wannan taƙaitawa ba a intanet ta fara ba. Wasan da akasarin waɗannan zauruka suka samo asali daga gare shi, Dungeons & Dragons, ya fito a Amurka a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara shi. A dokokin da suka fito a 1978, mai son taka barde mai tsarki dole ya zama ɗan'adam, ya samu aƙalla maki 17 cikin 18 na kwarjini, kuma in ya aikata mugunta da gangan baiwarsa ta zube. Jinsunan da ba 'yan'adam ba, masu tsawon rai da gani cikin duhu, an yanka musu iyakar matakin da za su kai a yawancin sana'o'in wasan. An ba ka a nan, an rage maka a can. Ita kuwa jarumar da ta fi kowa kyau, ta fi kowa wayo, kowa na sonta ba dalili, masu rubutun Turanci suna da sunan da suke kiranta, Mary Sue, daga wani gajeren labarin zolaya da Paula Smith ta rubuta a 1973. Kin ga matsalar ta girme ni da ke.

Akwai kuma maganar gurbi. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Da muka sake buɗe zauren, kusan duk wanda ya shigo yarima yake so ko gimbiya, ba mai son zama mai sayar da fura. Gari kuwa ba ya tafiya da 'ya'yan sarki zalla. Muka yanke cewa Kanta kansa ba mai taka shi, yana hannun masu kula da zaure, sai an buƙace shi ya yi magana. Sarautun fada kuma sai wanda ya jima yana rubutu aka ga kamun ludayinsa. Haka ma masu wasan bidiyon GTA na tarayya suke yi a manyan dandalinsu irin NoPixel: sai ka cika takardar nema kafin a shigar da kai, kuma ɗan sanda ko ma'aikacin asibiti ba a zama haka kawai, don wanda ke da ikon kama mutane a wasa yana iya ɓata wa kowa dare.

Dalilin da ya fi yi mini nauyi dai ba na daidaita ƙarfi ba ne. A 2021, shekarar da aka kwashe 'yan matan Jangebe a watan Fabrairu, aka kwashe ɗaliban Birnin Yauri a watan Yuni, wani yaro ya nemi a buɗe sabon labari na wannan zamani, shi zai taka kacallan daji. Ba mugun yaro ba ne, cewa ya yi labarin zai yi zafi. Kafin in yanke shawara ya riga ya tura gwaji, yadda yake kiran iyalan wanda ya sace a waya yana cinikin kuɗin fansa. Cikinmu akwai wata baiwar Allah daga Zamfara, ashe a lokacin yayanta yana hannun 'yan bindiga, ba ta taɓa faɗa mana ba. Ta biyo ni ta bayan fage ta ce, Yaya, nan ne kaɗai wurin da nake shigowa in manta, yanzu nan ɗin ma sun biyo ni. Daga ranar muka haramta wannan rawa gaba ɗaya. Ban ce kada marubuta su rubuta a kan 'yan bindiga ba, ya kamata ma a rubuta. Amma littafi mutum yana da zaɓin ya ajiye shi. A wasan tarayya kuwa kalmomin kai tsaye ake jefa maka su, da sunan wanda kake takawa, kuma ana jiran ka amsa.

Masu wannan harka a waje sun daɗe da gano haka. A 1993, a wani dandalin rubutu mai suna LambdaMOO, wani ɗan wasa ya yi amfani da wata dabarar kwamfuta ya tilasta wa mutanen labarin wasu aikata abubuwan batsa a gaban jama'a. Rubutu ne kawai, ba wanda aka taɓa jikinsa, amma waɗanda aka yi wa sun ji ciwon da gaske. Aka yi doguwar muhawara, aka goge shi daga dandalin, daga baya aka kafa tsarin koke da ƙuri'a. Shi ya sa kusan ko'ina za ki tarar da dokar cewa ba ka da ikon rubuta abin da mutumin wani ya yi ko ya ji. Kina iya cewa kin kai masa sara, amma shi zai faɗi ko ya same shi.

Sauran haramcin a wurinmu ba ya buƙatar dogon bayani. Annabawa, sahabbai da mala'iku ba a taka su, ko kusa. Sarki mai ci, gwamna ko malamin da ke raye, ba a saka su, don hoton allo ɗaya ya isa a ce an ci mutuncin wani, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kai mutane kotu da ita. Ƙananan yara ba a sa su cikin soyayya ko a ƙirƙire, dandalin hira na Discord ma ya haramta sa yara cikin batsa, ko a ƙirƙire, a dokokinsa. Iskokin bori irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima mun bar su, don wasu na ganin ambatonsu ya saɓa wa aƙidarsu, wasu kuma gadon gidansu ne ba sa so a mai da shi abin wasa.

Ba zan ce miki kowane admin adali ba ne. Na ga inda dokar ta hau kan baƙo kaɗai, abokan admin kuwa kowa da aljaninsa mai fukafukai. Alamar da za ki duba ita ce, an rubuta dokar a fili kafin ki zo? Ta hau kan kowa har da shi? Ya gaya miki abin da za ki gyara, ko cewa kawai ya yi a'a? In ya kasa waɗannan, ki nemi wani zaure, ba ki yi asarar komai ba. In kuwa ya cika su, ki ba shi uzuri, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wataƙila ya taɓa ganin irin barden da ya kashe mana zaure.

Shawarata, kada ki jefar da gimbiyarki, akwai abin da ya ja ki gare ta. Ki sauko da ita ƙasa. Ki mai da ita 'yar masunta da ake raɗe-raɗin kakarta 'yar ruwa ce, takan yi mafarki ya zama gaskiya wani lokaci, wani lokaci kuma ya ɓatar da ita. Ki ba ta bashin da ake binta, da wanda take tsoro, da abin da in ta rasa zai karya ta. Sai ki tambayi admin wane gurbi ne babu kowa a cikinsa. A zaurenmu, wadda kowa ke jiran rubutunta har yau dillaliya take takawa, mai shiga gidajen fada da ƙunshin zannuwa, ba ta da takobi ba ta da laya, amma babu auren da aka ɗaura ko makircin da aka ƙulla a Surame da bai bi ta hannunta ba. In kin gyara, ki turo nan in duba miki kafin ki mayar masa.